Daga Gasar Gudu Zuwa Gasar Yawa: Tarihin Awon Furosesa Ga Masu Sassaƙa A Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa neman kwamfutar da zai yi sassaƙa da ita a ZBrush ya san tambayoyin farko da muke yi: ƙwayoyi nawa ne a cikin furosesarta, kuma maki nawa ta ci a Cinebench? Yau za mu waiwayi asalin waɗannan tambayoyi, don kada mu zuba kuɗin da muka daɗe muna tarawa a kan lambar da ba aikinmu take aunawa ba.

Lokacin da kamfanin Pixologic ya fito da ZBrush a 1999, furosesar kwamfutar gida ƙwaya ɗaya gare ta, kuma kamfanoni gasar gudu kawai suke yi. Intel ta yi ta ƙara wa Pentium 4 gudu har ya kai gigahaz 3.8, sai zafi da cin wuta suka tare hanya. A 2004 ta fasa fitar da mai gigahaz 4. A 2005 Pentium D da Athlon 64 X2 na AMD suka shigo kasuwa da ƙwayoyi bibbiyu. Daga nan aka koma gasar yawa. Abin ya shafe mu sosai, domin ZBrush a kan furosesa yake ɗora yawancin nauyinsa, ba a kan katin hoto ba.

A 2016 Intel tana sayar da Core i7-6950X mai ƙwayoyi 10 a kan fiye da dala 1,700. A watan Agustan 2017 AMD ta fito da Threadripper 1950X mai ƙwayoyi 16 a kan dala 999, sannan a 2020 ta kawo 3990X mai ƙwayoyi 64 a kan dala 3,990. Masu gwaji suka rungumi Cinebench na kamfanin Maxon, saboda yana yayyanka hoto ɗaya gida-gida ya raba wa ƙwayoyin, kowace ta yi nata. Duk ƙwayar da aka ƙara sai ta fito a maki.

Amma jan burushi a kan fuskar da ake sassaƙawa wani abu ne daban, domin wasu matakansa dole su jira na gabansu. Tun 1967 Gene Amdahl ya yi wannan lissafi: idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ko ƙwayoyi dubu aka zuba saurin ba zai wuce ninki goma ba. Threadripper 2990WX na 2018 ya nuna wata matsalar. Ƙwayoyi 32 gare shi, amma rabinsu ba su da hanyar kai tsaye zuwa RAM, don haka ya yi fice a Cinebench alhali a wasu ayyukan ƙaninsa mai ƙwayoyi 16 yana wuce shi.

A ƙarshen 2021 Maxon ta sanar da sayen ZBrush, ma'auni da manhajar sassaƙa suka koma gida ɗaya. Duk da haka abin da Cinebench yake aunawa shi ne haɗa hoto na ƙarshe, ba santsin burushi a hannu ba.

Saboda haka kafin mu biya kuɗi, mu duba makin ƙwaya ɗaya tare da na dukkan ƙwayoyi, mu kuma duba yawan RAM. In da hali, mu buɗe fayil ɗinmu mafi nauyi a kan kwamfutar, mu ƙara masa miliyoyin ɗigo, mu sa agogo mu ga daƙiƙa nawa DynaMesh da ZRemesher suke ci, sannan mu ja burushi mu ji ko yana sarƙewa. Wanda ya taɓa yin irin wannan awo ya kawo mana lambobinsa mu kwatanta. Sai mun haɗu mako mai zuwa.