Ston: Ƙaramin Gari Mai Doguwar Ganuwa

Matafiyin da ya tashi daga birnin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya, ya bi gaɓar Tekun Adiriyatik ya nufi arewa maso yamma, kafin ya ci kilomita 60 zai ga wani abin mamaki. Zai hangi wata ganuwa ta farin dutse ta taso daga gindin wani tsauni, ta haye har ƙololuwarsa, kana ta gangara ɗaya ɓangaren ta ɓace masa. In ya waiwaya yana neman birnin da aka gina wa wannan ganuwa, ba zai ga kome ba sai ɗan ƙaramin gari mai jajayen rufi, wanda mazaunansa ba su wuce 500 ba. Sunan garin Ston. Tambayar da ta kamata mai lura ya yi ita ce: me ke cikin wannan wuri da har aka kashe masa dukiya da ƙarfin mutane haka?

Amsar tana shimfiɗe a kudancin garin, inda za a ga waɗansu faffaɗan kududdufai masu kusurwa huɗu, jere kamar fangalin lambu. Gishiri ne ake yi a cikinsu.

Bari mu fara da yadda Allah ya tsara wurin. Akwai wani dogon zirin ƙasa da ake kira Peljesac, wanda ya miƙa cikin teku fiye da kilomita 60. Ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, in ban da wani siririn wuya da ya haɗa shi da sauran ƙasa, wanda faɗinsa bai fi kilomita ɗaya da rabi ba. A kan wannan wuya Ston yake. Ta kudu akwai garin Ston kansa, a bakin wani mashigin teku marar zurfi. Ta arewa kuwa akwai ƙaninsa, Mali Ston, watau Ƙaramin Ston, a bakin wani mashigin dabam. Tsaunin da ake kira Podzvizd ne ya raba su. Saboda haka duk wanda ya riƙe wannan wuya, ya riƙe ƙofar zirin gaba ɗaya. Rumawa sun kira wurin Stagnum, ma'ana ruwa kwantacce, domin fadama ce, kuma daga wannan kalma sunan garin ya samo asali.

Garin ya daɗe da zama tun kafin a yi masa ganuwa. A tsakiyar zamani ya kasance ɗaya daga cikin mazaunin sarakunan ƙasar Zahumlje, ya kuma zama kujerar bishof. Har yanzu a kan wani tudu kusa da garin akwai ƙaramar majami'ar Mika'ilu, wadda a bangonta aka zana surar wani sarki sanye da kambi, ɗauke da siffar majami'ar a hannunsa.

Amma tarihin Ston da muke gani a yau ya soma ne a shekarar 1333. A wannan shekara 'yan kasuwar Dubrovnik, birnin da Turawan da suka saba kira Ragusa, suka sayi Ston da dukan zirin Peljesac daga hannun Sarkin Sabiya, Stefan Dushan. Da yake mai mulkin Bosniya, Stjepan Kotromanic, shi ma yana da'awar wurin nasa ne, sai suka yi abin da gogaggen ɗan kasuwa kan yi: suka amince za su riƙa biyan kowannensu wani adadi duk shekara, don kada wani ya taso musu da rigima. Daga baya rabon Sabiya aka mayar da shi ga wani gidan ibada na Kirista a birnin Ƙudus. Ka ji yadda kuɗin gishirin wani lungu na Turai ya riƙa tafiya har ƙasa mai tsarki.

Da cinikin ya faɗa, ba su yi wata-wata ba. Suka raba gonakin zirin a tsakanin manyan gidajen birninsu, suka zana sabon gari bisa tsari, tituna miƙaƙƙu suna ratsa juna, sa'an nan suka soma ginin ganuwa. Aikin ya ci fiye da shekara ɗari, ana yi ana ƙarawa, kuma cikin gwanayen da aka gayyato har da Michelozzo, mashahurin maginin nan na birnin Florence. Sa'ad da aka kammala, tsawon ganuwar ya kai wajen kilomita 7, da hasumiya 40 da manyan sansanoni. Ɗaya yana gefen Ston yana tsaron kududdufan gishiri, ɗaya mai suna Koruna yana bisa Mali Ston yana duban teku, ɗaya kuma yana can ƙololuwar tsauni. Abin da ya rage a tsaye a yau ya kai kimanin kilomita 5 da rabi, wanda ya sa ake lissafa ta cikin ganuwa mafi tsawo a nahiyar Turai.

Dalilin wannan ɗawainiya a fili yake. A wancan zamani da babu na'urar sanyaya abinci, ba a iya adana nama ko kifi ko cuku sai da gishiri, dabbobi ma ba sa ƙiba sai da shi. Makiyayan tsaunukan Bosniya da Sabiya suna da garkuna amma ba su da isasshen gishiri, Dubrovnik kuwa ga teku ga rana. Hukuma ta hana kowa taɓa wannan ciniki sai ita kaɗai. A kan loda gishirin a jiragen ruwa daga Mali Ston zuwa kasuwar bakin Kogin Neretva, daga nan fatake su ɗora wa dawaki su shiga da shi cikin tsaunuka, su komo da fatu da ulu da kakin zuma da azurfa. An ƙiyasta cewa a waɗansu shekaru sulusin kuɗin shigar ƙasar daga gishiri ya fito.

Yadda ake yin gishirin bai sake ba ƙwarai tun daga wancan lokaci. Da bazara a kan buɗe wa ruwan teku hanya ya shiga kududdufin farko. Rana da iska su riƙa shanye shi, ana tura shi daga wannan kududdufi zuwa wancan, kullum yana daɗa kauri, har ya kai na ƙarshe inda gishirin ke daskarewa. Wajen ƙarshen zafi sai mutane su shiga da shebur su kwashe da hannu, su loda a ƙananan amalanke. In ruwan sama ya sauko ba a kan kari ba, aikin makonni ya narke ke nan. Kududdufan ƙarshe suna ɗauke da sunayen waliyyan Kirista, har da Vlaho wanda mutanen Dubrovnik suka ɗauka majiɓincin birninsu. Guda ɗaya tak aka kira Mundo, watau jama'a, kuma bisa ga abin da mutanen garin suka gada, gishirinsa na talakawan da ba su da halin saye ne.

Sai dai kada mai karatu ya zaci ganuwa kaɗai ta tsare wannan ƙaramar jamhuriya. Shugabanninta sun san cewa bango ba ya tsayar da babbar daula. Bayan sun fita daga ƙarƙashin Benis a 1358, suka fake da Sarkin Hangare. Da Daular Usmaniyya ta mamaye yankin Balkan, suka soma kai gaisuwa Santambul tun daga 1458, har adadin ya tsaya a kan tsabar zinariya 12,500 a shekara. Da wannan suka sami izinin fatauci a faɗin daular, suka kuma ci gaba da sayar da gishirinsu ga talakawan Sarkin Musulmi. A yarjejeniyar Karlowitz ta 1699 ma da yardarsu aka bar wa Turkawa ɗan yankin gaɓar Neum, arewa kaɗan da Ston, don kawai kada iyakarsu ta haɗu da ta Benis, wadda suka fi tsoro. Wannan dabara ta riƙe su shekaru aru-aru, har ta tsallakar da su mummunar girgizar ƙasar 1667 wadda ta rusa Dubrovnik.

Abin da ya gama da su daga yamma ya zo. Sojojin Nafoliyon suka shiga Dubrovnik a 1806, a 1808 kuma Janar Marmont ya soke jamhuriyar. Taron Biyana na 1815 ya miƙa ƙasar ga Ostiriya. Daga nan ganuwar ta zama ba ta da mai ita. Aka riƙa ciro duwatsunta ana gina makaranta da ofisoshi, aka rushe wani sashe da hujjar wai tana tare iska tana jawo ciwo, alhali kuwa sauron fadama ne ke kawo zazzaɓin. Wata ƙungiyar masu kishin kayan tarihin Dubrovnik, wadda aka kafa a 1952, ita ce daga bisani ta ɗauki nauyin gyara ta, har baƙi suka sami damar hawa su yi tafiya a kanta daga wannan gari zuwa wancan.

Ƙarshen ƙarni na 20 bai yi wa Ston daɗi ba. A 1991, lokacin da Kuroshiya ta ɓalle daga Yugoslabiya, sojojin tarayya suka kewaye Dubrovnik, suka matso har kusa da Ston, inda 'yan Kuroshiya suka ja daga, garin kuma ya sha ruwan harsasai. Ba a gama farfaɗowa ba sai girgizar ƙasa ta auku ranar 5 ga Satumba 1996, ta lalata gidaje masu yawa, ta tilasta wa iyalai barin muhallinsu na tsawon lokaci.

A ƙidayar 2021, gundumar Ston duka da ƙauyukanta tana da mutum kimanin 2,500, kusan dukansu Kuroshiyawa mabiya ɗarikar Katolika. Ban da gishiri, suna noman inabi da zaitun, suna karɓar 'yan yawon buɗe ido, suna kuma kiwon kawa, wata halittar teku mai ɓawo biyu da ake ci. Mashigin Mali Ston ya dace da ita saboda ruwan daɗi na maɓuɓɓugai da na Kogin Neretva yana gauraya da na gishiri a can. A 2020 Tarayyar Turai ta ba kawar Mali Ston shaidar kariya ta musamman, yadda ba mai iya sayar da ta wani wuri da sunanta.

Wani abin ban sha'awa shi ne yadda shawarar 1699 ta biyo jikokin waɗanda suka yanke ta. Neum ta zauna a hannun Bosniya, don haka bayan wargajewar Yugoslabiya, duk mai zuwa Ston ko Dubrovnik ta mota daga arewacin Kuroshiya sai ya ƙetare iyaka sau biyu cikin 'yan kilomita. Don kauce wa wannan aka gina gadar Peljesac, mai tsawon mita 2,404, wadda wani kamfanin ƙasar Sin ya yi, akasari da kuɗin Tarayyar Turai, aka buɗe ta a watan Yuli 2022. Yanzu babbar hanyar kudu ta kan zirin take bi, ta zo ta wuce ta gefen Ston.

Wuyan ƙasar da aka toshe da dutse shekara kusan 700 da suka shige don hana baƙi shiga, shi ne yau dubban motoci ke ratsawa kullum. Ko matafiyan za su riƙa tsayawa su ci su saya, har samarin garin su sami dalilin zama a gida maimakon tafiya Zagreb ko Jamus neman aiki, wannan shi ne abin da mutanen Ston suka zuba wa ido. Kafin nan dai, duk shekara in zafi ya kai ƙarshe, za ka iske su cikin kududdufan nan da shebur a hannu, suna duban sama ko hadari zai taso.