Jirgin Awolowo da Laccar NEPU: Me Ke Juya Mai Ƙuri'a?

A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 ne Arewa ta fara ganin tallar siyasa irin ta masu hannu da shuni. Jam'iyyar AG ta Cif Obafemi Awolowo ta yi hayar jirage masu saukar ungulu suna dira a filayen garuruwa, ana watso takardu daga sama, har da jirgin da ke rubutu da hayaƙi a sararin samaniya. Jama'a sun yi cincirindo, yara na bin ƙura suna tsintar takardun da iyayensu ba su iya karantawa. Da aka ƙirga ƙuri'u, jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa ta kwashe kujeru 134 cikin 174 na Arewa, AG ta tashi da 25, NEPU da 8. Kallo dai an sha, amma kallo bai zama ƙuri'a ba.

Abin lura shi ne wuraren da AG ta ci. Galibin kujerunta daga yankin Tsakiya suka fito, musamman ƙasar Tibi, inda take ƙawance da UMBC ta Joseph Tarka. Can ba jirgi ne ya ja mutane ba. AG ta yi alkawarin ware musu jiharsu daga Jihar Arewa, magana ce da suka daɗe suna yi tun kafin Awolowo ya zo. A nan hujjar take: tallar da ke burge ido tana tara taro, amma wadda ke motsa mai ƙuri'a ita ce wadda ta faɗa masa abin da zai iya gwadawa da halin da yake ciki. NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ba ta da kuɗin jirgi. Jarinta lacca ce a bakin kasuwa, inda Malam Aminu Kano da mutanensa ke warware wa talaka yawan harajin da doka ta ɗora masa, da jangalin da ake karɓa kan kowace saniya, da cewa noman gandun hakimi ba wajibinsa ba ne.

Wani zai ce ai siyasar Arewa waƙa ce ta riƙe ta, waƙa kuwa jan ra'ayi ce tsantsa, cike da zambo da habaici. Gaskiya ne mawaƙan NPC da na NEPU sun zagi juna son rai, wani lokaci har da kafirta abokin hamayya. Sai dai a ƙasar da masu karatun boko ba su taka kara sun karya ba, waƙoƙin irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja su ne jaridar talaka. A cikinsu yake jin manufar jam'iyya, a cikinsu yake haddace alamarta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a 1959 kowane ɗan takara akwatinsa daban, mutum ya shiga bayan labule ya nemi fartanyar NPC ko tauraron NEPU ya jefa takardarsa. Raba bayani da jan ra'ayi gida biyu aikin masu nazari ne; a bakin mawaƙi tare suke fita.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne: in bayani ke cin zaɓe, me ya sa NEPU ta sha kaye haka? Amsar ba ta cikin talla. NPC tana da sarakuna da hakimai da dagatai, tana da 'yan doka da kotunan alkalai, kuma En'e ce ke ba da izinin lacca, ta ga dama ta hana. 'Yan NEPU da dama sun sha bulala da ɗauri, Hajiya Gambo Sawaba kuwa gidan yari ya zama mata kamar wurin zuwa, alhali matan Arewa ko ƙuri'ar ba su da ita a lokacin. Zaɓen da aka yi cikin wannan hali bai isa ma'aunin ƙarfin hujja ba. Sai da aka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e a zamanin soja aka ga inda laccar ta kwana: a 1979 PRP, magajiyar NEPU, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, gwamnonin nata Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuma suka soke haraji da jangali.