Daga Rama Zuwa Ƙiba: Tarihin Jikin Mai Ciwon Sukari Nau'i na Ɗaya

Kafin shekarar 1922, babu likitan da zai yi tunanin ƙiba za ta zama damuwar mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato wanda garkuwar jiki ke juyowa ta halaka ƙwayoyin da ke samar da sinadarin insulin. Alamar cutar a wancan zamani rama ce mai ban tausayi: yaro yana ci yana sha, amma sukarin yana zubewa ta fitsari, tsoka da kitse suna narkewa. Iyakar dabarar likitoci irin su Frederick Allen a Amurka ita ce ƙuntata abinci har kusa da yunwa, don a ƙara wa majinyaci 'yan watanni. Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, wadda ke fama da cutar, ba ta wuce kilo 20 da ɗoriya ba lokacin da aka kai ta Toronto a 1922, tana gab da cika shekara 15 a duniya. Allurar insulin da Frederick Banting da abokan aikinsa suka samar ta mayar mata da jikinta, ta rayu har 1981. A lokacin, duk kilon da ya ƙaru shaidar tsira ce.

Wannan tarihi ne ya kamata a fara dubawa idan ana tambayar abin da ke sa masu cutar ƙiba a yau, domin babban sanadinta yana cikin maganin da ya cece su. Insulin sinadarin ajiya ne: yana shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki, yana hana kitse narkewa, kuma abincin da a da yake salwanta a fitsari yanzu a jiki yake zama. Bugu da ƙari, a jikin mai lafiya insulin yana fara bi ta hanta, amma na allura ana zuba shi ne ƙarƙashin fata, sai ya taras da kitse da tsoka da yawansa. Ga kuma fargabar faɗuwar sukari, mai zuwa da rawar jiki da gumi har da suma. Wanda ya taɓa ɗanɗana ta yakan riƙa cin abu ko ba ya jin yunwa, yana kuma shakkar motsa jiki. Babban binciken DCCT da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 kan mutum 1,441 ya fito da wannan fili: waɗanda aka tsaurara wa magani sun fi samun kariya daga lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi, amma faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka musu kusan sau uku, kuma cikin shekara biyar sun fi sauran ƙara nauyi da fiye da kilo 4.

Wani zai ce ai duniya ce gaba ɗaya take ƙiba, saboda lemon kwalba da abincin gwangwani da yawan zama. Gaskiya ne, kuma masu cutar ba a wata duniya dabam suke ba, musamman da aka sassauta musu dokokin abinci. Sai dai mutanen binciken nan zamaninsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, amma nauyinsu ya bambanta gwargwadon tsarin allurarsu. Muhalli yana da nasa kaso, magani ma yana da nasa.

Wani kuma zai ce to a rage allurar mana. Wannan ita ce shawara mafi haɗari, domin komawa ce ga zamanin Allen: ramar da ke biyo bayan ƙarancin insulin cuta ce, tana iya kaiwa ga doguwar suma da mutuwa. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Amma ƙibar ma ba abin wasa ba ce, don tana sa jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, a ƙara yawansa, nauyi ya sake ƙaruwa, haɗarin ciwon zuciya ya hau. Abin da ya dace shi ne likita ya daidaita allura da abinci da motsa jiki tare, a rage faɗuwar sukarin da ke tilasta ci. Dangi kuma su daina zargin majinyaci da kwaɗayi, domin zargi ne ke tura wasu matasa su tsallake allura a ɓoye.