Ruwan Tiga da Hutun Manomi a Kura da Bunkure

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aikin manomin Kura da Bunkure yana da iyaka. A tsarin gandu, maigida da ƙannensa da 'ya'yansa kan fita gona da sassafe su tashi wajen azahar. Sauran yini na gayauna ne, ko na kishingiɗa a gindin tsamiya. Ranar Juma'a ba a zuwa gonar gandu. Da an zuba dawa da gero a rumbu kuwa, sai a rataye fartanya har saukar damina. Magabata sun auna aiki da ƙarfin jiki, kuma wannan ma'aunin ne noman rani ya kawar.

Gwajin ban-ruwa ya fara a Kadawa, sannan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi aikin. Daga nan shekara ta daina ƙarewa: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Ruwa na zuwa da lokacinsa, ko da dare ne dole a tare shi. Ruwan da ke kwanciya a magudanai ya tara sauron da ke yaɗa zazzaɓi da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, cututtukan da ke rage jini su bar mutum a galabaice. Wasu leburori har sun koma ga tiramol don su iya kai yamma.

Za a ce ai rani ba hutu ba ne a da: akwai cin rani, akwai marinar Kura da ke rina turkuɗin da Buzaye ke saye, akwai kuma yunwar bazara. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai so a rufe Tiga bayan ta ciyar da dubban gidaje. Sai dai sauya sana'a da raba nauyi a gandu sun bai wa mai rauni mafaka. Yau da ake biyan jinga, wanda ya kwanta ya rasa cefane, sannan a kira shi rago.

Wannan sunan ya fi cutar da mai ciwon gajiya mai daɗewa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin cututtukan jijiyoyi tun 1969. Barci ba ya wartsake shi, kuma ɗan aikin yau kan kayar da shi gobe ko jibi. A 2021 hukumar lafiya ta NICE ta Ingila ta janye shawarar da ake ba masu wannan ciwo ta ƙara motsa jiki mataki-mataki, ta ce mara lafiya ya san iyakar ƙarfinsa, ya rarraba aiki, ya huta tun bai jigata ba. Don haka duk wanda gajiya ta ƙi saki wata da watanni, a fara gwada masa zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da ƙarancin jini. In ba a ga komai ba, kada a ƙaryata shi. Iyali su rage masa aiki, kamar yadda gandu ya saba yi wa mai rauni.