Daga Tabarma Zuwa Benci: Tarihin Mazaunin Yara a Zonkwa

Kafin zuwan makarantun boko, yaro a Zonkwa, garin Bajju da ke zama hedikwatar ƙaramar hukumar Zangon Kataf, ba ya rasa mazauni daidai jikinsa, domin tabarma da 'yar gajeriyar kujerar da ake sassaƙawa daga gungumen itace ba sa wuce tsawon ƙafarsa. Al'amarin ya sauya bayan da layin dogo ya ratsa yankin a shekarun 1920, Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, mishan kuma suka buɗe makarantu inda kafintoci suka riƙa haɗa benci, wato dogon katako mai ƙafafu da yara da yawa ke zama a kai. Da yake awo ɗaya ake yi wa kowa, ɗan aji ɗaya yakan zauna ƙafafunsa na lilo, haɓarsa dab da tebur. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya cika azuzuwa maƙil, ya sa neman yawa ya danne kula da awo.

A Turai kuwa, Maria Montessori ta sa an ƙera kujeru daidai girman yara a birnin Rum tun 1907, sannan a 1972 Peter Opsvik na Norway ya fito da Tripp Trapp, kujerar da ake sauya wa mazauni da matakin ƙafa matsayi yayin da yaro ke girma. Dabarar ba ta buƙatar komai sai 'yan tsaga a jikin katako da ƙusoshi masu kwancewa, aikin da bai fi ƙarfin kafintocin Zonkwa ba.