Asalin Kalma: Bindiga

Bindiga baƙuwar kalma ce da ta zama 'yar gida. Daga Larabci muka aro ta, inda ake cewa bunduƙiyya. Tushenta bunduƙ, sunan wani ɗan itace mai ƙwanso da ke fitowa a ƙasar Pontus, gaɓar Baƙin Teku a Turkiyyar yau. Da yake ɗan dunƙulalle ne, sai Larabawa suka laƙaba sunansa ga dunƙulen yumɓu da suke harbin tsuntsaye da shi a baka irin na kibiya. Da albarushi ya zo, sunan ya bi harsashi, daga nan ya koma kan makamin. Masu Swahili ma bunduki suke cewa.

A ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno ya riga ya mallaki mayaƙa masu bindiga, da ƙwararru daga Turkiyya. A ƙasar Hausa kuwa, wadda maƙeranmu suka gwanance a kai ita ce bindigar toka, mai ɗuri ta baki. Maharba na kiranta harbi-ka-ruga, saboda kafin a sake ɗura ta, naman ya kawo kanka.

Ƙawarta na wajen haɗa ƙarfe da itace. Maƙeri kan shafa baƙin hayaƙi a jikin farantin tagulla, ya danna shi a gindin itacen, ya kankare duk inda baƙin ya taɓa, har su zauna daram. Sannan ya ɗaure bututun da zobban tagulla.

Abin takaici, yau da an ce 'yan bindiga sai gaba ya faɗi, alhali a hawan Sallah dakarun sarki ake nufi.