Amoriyawa: Makiyayan Da Suka Gaji Birane

Mu da muka tashi a gefen dajin Rugu mun san zaman manomi da makiyayi. To, wannan zama ya daɗe a duniya.

Shekaru dubu huɗu da suka wuce, mutanen biranen Iraƙi ta dā suna kiran waɗansu makiyaya Amurru, wato mutanen yamma, don daga wajen Sham suka ɓullo. Sun raina su ƙwarai, suna cewa ba su san hatsi ba, ba su san gida ba. Har Shu-Sin, Sarkin Ur, ya gina doguwar ganuwa don ya tare su. Ganuwa ba ta hana ba. Bayan faɗuwar Ur, Amoriyawa suka hau gadon Larsa da Mari da Babila. Jikansu ne Hammurabi, wanda ya yi mulki daga 1792 zuwa 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai shahararrun dokokin nan.

Amma da Akkadanci aka rubuta dokokin, harshen mutanen da suka tarar. Nasu harshen kuwa ya ɓace, galibi sai a sunaye ake tsintarsa.

Ɗalibin tarihi ya dubi Katsina bayan jihadin 1804. Fulani sun karɓi sarauta, Hausa kuma ta karɓe bakin fada. Shin wa ya ci wani?